Kiristanci a ƙasar Hausa

Kiristanci addini ne na tsiraru a ƙasar Hausa, wato yankin da ya haɗa jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kebbi, Zamfara da arewacin jihar Kaduna a Najeriya, tare da jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Mafi rinjayen mutanen wannan yanki Musulmi ne, kuma Musulunci ya shiga fadojin sarakunan Hausa tun wajen ƙarni na 14. Kiristanci kuwa bai samu wurin zama ba sai a farkon ƙarni na 20, lokacin mulkin mallakar Ingila da Faransa. Duk da ƙarancin Hausawan da ke bin addinin, harshen Hausa shi ne babban harshen coci a arewacin Najeriya, inda miliyoyin Kiristoci 'yan wasu ƙabilu suke sujada da shi kowace Lahadi.

Su wane ne Kiristocin ƙasar Hausa

Idan aka ce Kirista a Kano ko Katsina, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne baƙo daga kudu. Amma Kiristocin yankin kashi uku ne, kuma tarihin kowane kashi daban yake.

Kashi na farko su ne 'yan kudancin Najeriya, galibi Ibo da Yarbawa, waɗanda suka biyo jirgin ƙasa da aikin gwamnati da kasuwanci. Kashi na biyu su ne 'yan ƙananan ƙabilun Arewa daga kudancin Kaduna, Filato, Bauchi, Gombe, Adamawa da masarautar Zuru, irin su Atyap, Bajju, Ham, Birom, Angas da Tangale. Waɗannan Hausa suke yi a kasuwa da coci, amma ba su kiran kansu Hausawa. Kashi na uku su ne Hausawa da Fulani 'yan asalin ƙasar da suka karɓi Kiristanci, ko aka haife su a cikinsa. Su ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun, kuma su ne aka fi mantawa da su, domin a bakin mutane da yawa, a kudu da arewa, kalmar Bahaushe ta zama ɗaya da Musulmi. Wasu daga cikinsu suna kiran kansu Masihiyawa, daga kalmar Almasihu, kuma suna da ƙungiya mai suna Tarayyar Masihiyawan Nijeriya.

Ƙidayar jama'ar Najeriya ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ko ƙabila ba, saboda haka duk alkaluman da ake yawo da su a kan yawan Kiristocin waɗannan jihohi kiyasi ne na ƙungiyoyi. A Nijar, inda ƙidayar 2012 ta tambayi addini, Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar ba.

Tarihi

Kafin mulkin Turawa

Limaman Katolika biyu na ƙungiyar Faransiskan, Carlo da Genova da Severino da Silesia, sun taso daga Tarabulus a 1710, suka biyo ta Agadas, suka rasu da rashin lafiya a Katsina a 1711. Ba su bar mabiya ba.

Haɗuwar da ta bar alama ta zo ne ta hanyar harshe. James Frederick Schön, Bajamushe ma'aikacin ƙungiyar mishan ta CMS ta cocin Angalika, ya shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, kuma daga nan ya duƙufa a kan nazarin Hausa. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Mafi yawan Hausarsa ya same ta ne daga bakin Dorugu, wani saurayi ɗan yankin Damagaram da aka kama bawa tun yana yaro, Adolf Overweg ya 'yanta shi, sannan Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Da taimakonsa Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, ya kuma fassara sassan Littafi Mai Tsarki. An yi wa Dorugu baftisma a Ingila, daga baya ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912.

A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kutsawa ƙasar Hausa. Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, a 1894, Kent ya rasu a Bida. Bingham da ya tsira shi ne ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da SIM.

Tafiyar Kano ta 1900 da alƙawarin Lugga

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci tawagar mutum biyar ta CMS zuwa Kano. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin fatake da mahajjata. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba, ya umarce su da su bar birnin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu.

Cin ƙasar da Turawa suka yi bai buɗe wa 'yan mishan ƙofa ba kamar yadda suka zata. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi alƙawarin cewa gwamnatinsa ba za ta sa baki a harkar addinin Musulunci ba. Turawan mulki suna buƙatar sarakuna domin karɓar haraji da tafiyar da ƙasa, don haka razdanoni suka ɗauki wannan alƙawari a matsayin dalilin hana mishan shiga masarautun Musulmi. Aka karkata 'yan mishan zuwa ƙasashen da ba su musulunta ba: SIM ta fara a Patigi a 1902, ƙungiyar SUM ta Karl Kumm ta fara a Wase a 1904, limaman Katolika suka buɗe Shendam a 1907. Wannan tsari ne ya zana taswirar addini da ake gani a Arewa har yau, inda coci ya yi ƙarfi a tsakiyar Najeriya, ya zama ɗan kaɗan a cikin masarautu.

A manyan garuruwa kuma an ware wa baƙi unguwa a bayan ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913, kuma a nan aka yarda a gina majami'u. Haka aka yi a Zariya. Sakamakon haka, Bakano ya fara sanin coci a matsayin abin baƙi da ke can wata unguwa, ba abin da ke da alaƙa da garinsa ba.

Miller, Isawa da Wusasa

Wurin da aka samu togaciya shi ne Zariya. Miller ya samu zama a cikin birnin daga 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara maza. Waɗanda suka karɓi addininsa a cikin birni ba su da yawa. Abin da ya ƙara wa mishan ɗin jama'a shi ne haɗuwarsa da Isawa.

Isawa mabiyan wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim, wanda ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a karatunsa na Alƙur'ani. An kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa suka watse zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau. Ba Kiristoci ba ne a lokacin, ba su kuma taɓa ganin ɗan mishan ba. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Miller, da dama suka karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ƙauyen bai daɗe ba. Ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya kashe mutane da yawa cikin 'yan shekaru, aka kwashe sauran, musamman yara, zuwa Zariya.

A 1929 mishan ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa, bayan ganuwa, bisa matsin hukuma. A nan aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, a kan tsarin ginin Hausa, mai bakan gizo da soro kamar na fada, kuma yana nan har yanzu. Aka kafa asibitin St. Luke da makarantu. Miller ya rasu a ƙasar Filato a 1952.

Idan aka auna da yawan mabiya, aikin Miller na sama da shekara 20 a Zariya bai yi wata babbar nasara ba. Idan kuma aka duba waɗanda makarantar ta yaye, magana ta sha bamban. Dokta R. A. B. Dikko, wanda ya yi karatu a Birmingham, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948. Sunansa ne a kan asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930, ɗan wannan gida ne. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙabilar Angas ne, amma a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa yake aikin bishara.

Gidajen kutare da asibitin ido

An sassauta takunkumin a shekarun 1930, zamanin Gwamna Donald Cameron. SIM ta samu shiga ƙasar Kano a 1933. Hanyar da ta fi buɗe mata ita ce ta magani. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka miƙa mata kula da gidajen kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Sarakuna sun yarda ne da sharaɗin ba za a tilasta wa kowa sauraron wa'azi ba. Majinyaci yakan yi shekaru a irin waɗannan gidaje, ya koyi karatun boko da aikin jinya, kuma da yawa daga cikin Hausawan da suka fara zama Kiristoci a Kano da Katsina ta nan suka bi. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda yanzu ake kira asibitin ido na ECWA, kuma mafi yawan masu zuwa neman magani a cikinsa Musulmi ne. A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ECWA, mai hedkwata a Jos. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan.

Maguzawa

Mafi yawan Hausawa Kiristoci na yau ba zuriyar Wusasa ba ne. Jikokin Maguzawa ne, wato Hausawan karkara da suka riƙe addinin gargajiya har cikin ƙarni na 20. Sunan ya samo asali daga kalmar Larabci majusu, kuma a ƙarƙashin daular Usmaniyya ana barinsu da al'adarsu suna biyan jiziya. Daga shekarun 1960 addinin gargajiya ya fara ja da baya da sauri. Rangadin musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya yi tsakanin 1963 da 1965 ya jawo wasu cikin Musulunci, kuma har yau ƙungiyoyin da'awa suna aiki a ƙauyukansu. Wasu kuma suka shiga coci, musamman daga shekarun 1970, ta hannun masu bishara 'yan Najeriya da suka zo daga kudancin Kaduna, Filato da ƙasar Tangale, da kuma limaman Katolika da ke Malumfashi. Masu bincike sun kawo dalilai da dama: makaranta da ɗakin shan magani da coci yake kawowa, matsayin mata waɗanda a gidan Bamaguje su ne ƙashin bayan noma kuma ba su saba da kulle ba, da kuma tsohuwar tsama tsakaninsu da dagatai masu karɓar haraji.

A yau ana samun ƙauyukan Hausawa Kiristoci a yankunan Malumfashi, Kafur, Bakori da Funtuwa a jihar Katsina, da Rogo, Sumaila da Tudun Wada a jihar Kano, da Ikara, Makarfi da Giwa a jihar Kaduna. Sutura, abinci, gaisuwa da tsarin gida duk irin na maƙwabtansu ne. Sau da yawa gida ɗaya yakan haɗa wa Musulmi da ƙane Kirista.

Harshen Hausa a coci

Tun da wuri ƙungiyoyin mishan suka ga cewa ba za su iya fassara littattafai cikin ɗaruruwan harsunan tsakiyar Najeriya ba, sai suka ɗauki Hausa a matsayin harshen wa'azi da na makarantun koyon Littafi Mai Tsarki. Cikakkiyar fassarar farko, wadda Miller ya yi mafi yawan aikinta tare da abokan aikinsa Hausawa, ta fito a 1932. Wata sabuwa ta fito wajen 1980, daga baya kuma aka samu wasu, ciki har da wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa. An kuma buga sassa da ajami domin masu karatun allo.

Masu fassarar sun tarar da harshe wanda kalmominsa na addini sun riga sun fito daga Larabci ta hanyar Musulunci, kuma yawanci sun yi amfani da su yadda suka same su. Kiristan da ke magana da Hausa Allah yake cewa, da Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, Zabura da Linjila. Wannan bai taɓa zama abin shari'a a Najeriya ba, saɓanin Malesiya, inda kotu ta hana wata jaridar Katolika amfani da kalmar Allah a 2013. Amma akwai inda aka ja layi da gangan. Ba a ce salla ba, sai sujada. Ba a ce Isa ba, sai Yesu, ko da yake fassarorin da aka yi domin masu karatu Musulmi sukan koma ga Isa. Wasu littattafai suna cewa Kristi, wasu kuma Almasihu. Wasu kalmomin Hausa na asali sun samu sabuwar ma'ana a bakin coci: alheri, ceto, bangaskiya, bishara, da Jibin Ubangiji. Sunaye irin su Bulus, Bitrus, Yohanna da Istifanus sun biyo yadda Kiristocin Larabawa ke furta su, shi ya sa suka zauna daram a bakin Bahaushe. Sunaye kamar Musa, Haruna, Yakubu, Dauda, Saratu da Hannatu kuwa, da sunayen rana irin su Ɗanladi, Talatu da Laraba, ba su nuna addinin mai su.

Rubutun boko kansa yana da alaƙa da wannan tarihi. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fara zuwa ne a matsayin ɗan mishan kafin ya koma aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ya tsara ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, shi ma da aikin mishan ya fara. Wannan dangantaka tana cikin dalilan da suka sa iyaye Musulmi suka daɗe suna ɗari-ɗari da makarantar boko.

Da yake yawancin masu sujada da Hausa ba harshen uwarsu ba ne, Hausar da ake ji a majami'un Jos, Kafanchan ko kudancin birnin Kaduna tana da nata kamanni. Bambancin jinsin namiji da tamace yakan yi rauni, haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ sukan koma k da d. Mai wa'azi ɗan Malumfashi ko Rogo kuwa Hausarsa ba ta da bambanci da ta limamin masallacin garinsu. Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika faɗa ba: ƙarfin Hausa a coci yana cikin abubuwan da suka raunana ƙananan harsuna da dama, domin yaro yakan tashi yana jin addu'a da waƙa da Hausa kawai. Shi ya sa a 'yan shekarun nan ake fassara Sabon Alkawari cikin harsuna kamar Tyap, Jju da Birom.

Ɗarikoki

ECWA ce ta fi yaɗuwa a ƙauyuka. Cocin Angalika ya kafa dayosis na Kano a 1980, daga baya aka samu na Wusasa, Ikara da Bari, waɗanda yawancin mabiyansu Hausawa ne. A ɓangaren Katolika, Kaduna ta zama babban dayosis a 1959, Sakkwato ta zama dayosis a 1964, Kano a 1999, Zariya a 2000. Bishop Matthew Hassan Kukah ne ke riƙe da Sakkwato tun 2011. A 2023 aka yanki dayosis na Katsina daga Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama bishop a cocin Katolika. Akwai kuma Baftis, COCIN, da HEKAN mai hedkwata a Kaduna, sai majami'un Fentikos da suka yawaita a birane tun shekarun 1980, waɗanda galibi da Turanci suke sujada. Ƙungiyar CAN, da aka kafa a 1976, ita ke magana da yawun dukansu a gaban hukuma. A kusan kowane coci mai amfani da Hausa, ƙungiyar zumuntar mata ita ce mafi tsari, da anko da waƙoƙinta na tulu da kacau-kacau.

Doka da zamantakewa

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da na sauya shi, sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Daga Oktoban 1999, lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, jihohi 12 na Arewa sun faɗaɗa aiki da ita. Dokokin a rubuce sun shafi Musulmi ne kawai. Koke-koken da shugabannin Kiristoci suka fi maimaitawa su ne wahalar samun takardar mallakar fili domin gina coci, rashin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, da tarnaƙi wajen samun takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma idan suna ya nuna Kirista ne. Wannan na ƙarshe ya fi cin Hausawa Kiristoci rai, domin ba su da wata jihar da za su koma su nema. Wanda ya bar Musulunci ya shiga coci kuwa, matsalarsa ta fi zuwa daga dangi: gado, aure da riƙon 'ya'ya.

An sha samun tashin hankali. Rikicin da ya fara a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Zariya, Kaduna, Funtuwa da Katsina, aka ƙona majami'u fiye da 100. A Oktoban 1991 shirin taron wa'azin Reinhard Bonnke ya tayar da tarzoma a Kano. Bayan zaɓen Afrilun 2011 an kashe mutane fiye da 800 a Arewa, aka ƙona majami'u a garuruwan Hausa, aka kuma kashe Musulmi da yawa a Zonkwa da kewayenta a kudancin Kaduna. 'Yan Boko Haram sun kai hari kan masu sujada a Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, da majami'u a Wusasa, Sabon Garin Zariya da Kaduna ranar 17 ga Yunin shekarar. Su ne kuma ake zargi da harin babban masallacin Kano na Nuwamban 2014, wanda ya kashe fiye da mutum 100. A Mayun 2022 kisan wata ɗaliba Kirista a Sakkwato bisa zargin ɓatanci ya sake tayar da muhawara a ƙasa baki ɗaya.

Birnin Kaduna

Kaduna ba tsohon birnin Hausa ba ne. Turawa ne suka gina shi, ya zama hedkwatar Arewa a 1917, kuma Kiristoci ba 'yan tsiraru ba ne a cikinsa kamar yadda suke a Kano. Amma a nan aka fi ganin yadda rikici ke mayar da mutum ɗan tsiraru a unguwar da aka haife shi. Rikicin shari'a da ya ɓarke ranar 21 ga Fabrairun 2000, ya sake tashi a watan Mayu, ya ci rayuka fiye da 1,000. Na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002 ya ci fiye da 200. Bayan haka mutane suka riƙa sayar da gidaje ko musayarsu. Kiristoci suka tattara a Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmi kuma a Rigasa, Tudun Wada, Unguwar Sanusi da Unguwar Mu'azu. Unguwannin da a shekarun 1980 ake haɗa gidan haya ɗaya, a kai wa juna tuwon salla da shinkafar Kirsimeti, yawancinsu yanzu addini ɗaya ya rinjaye su, har wasu mazauna garin kan kira ɓangare ɗaya Makka, ɗayan Urushalima. Bahaushe Kirista yakan shiga tsaka mai wuya a irin wannan lokaci, domin kamanninsa da harshensa sun sa ana zarginsa a wannan ɓangare, addininsa kuma a wancan.

Gwamnatin Ahmed Makarfi ta ɓullo da tsarin sasantawa a 2001, inda aka bar kotunan shari'a ga Musulmi da kotunan gargajiya ga sauran jama'a. A watan Agustan 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Cikin waɗanda suka shirya ta akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, tsofaffin abokan gaba a rikicin Zangon Kataf na 1992, waɗanda suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a 1995. Fasto Yohanna Buru na Sabon Tasha ma ya yi suna wajen halartar Mauludi, Musulmi kuma suna zuwa cocinsa ranar Kirsimeti.

A Jamhuriyar Nijar

A ɓangaren Faransa, SIM ta buɗe tasha a Damagaram a 1924, sannan a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1928. Ta gina asibitin Galmi a 1950 da gidan kutare na Danja. Saɓanin Najeriya, yawancin Kiristocin Furotesta na yankin Maraɗi Hausawa ne, kuma da dama daga cikin kakanninsu daga Musulunci suka fito, ba daga addinin Arna ba. Da yake 'yan mishan ɗin masu Turanci ne a ƙasar da Faransanci ke mulki, sun fi dogara ga Hausa, kuma daga Najeriya ake kawo musu Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi. Majami'unsu sun haɗu a ƙarƙashin EERN a farkon shekarun 1960. Cocin Katolika ya kafa dayosis na Maraɗi a 2001, kuma da yawa daga mabiyansa 'yan asalin Benin, Togo da Burkina Faso ne. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta rubuta littafi a kan Kiristocin Maraɗi a 2006.

Tsarin mulkin Nijar na 2010 ya raba addini da hukuma, kuma an fi samun kwanciyar hankali a can. Duk da haka an kai wa majami'u hari a Maraɗi a Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA. A Janairun 2015 kuma, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, mutum 10 suka rasa rayukansu.